Yadda Aka Kusa Mayar da Abubakar Imam Ɗan Kagoro

Hedimastanmu a Kauru ya ɗora mini aikin gyara rajistar littattafan makaranta, wai ni ne mai kyan rubutu. Da na zo kan Magana Jari Ce, sai na tarar wani magabaci ya cike gurbin marubuci da kalma ɗaya: Aku. To, ba a ce ya yi ƙarya ba, akun ne ke ba da labaran, amma ban taɓa jin an biya tsuntsu ladan wallafa ba.

Na goge na sa Abubakar Imam. Rigima ta tashi a kan mahaifarsa. Hedimasta ya ce Kagarko, haka kakansa ya faɗa masa. Malamin lissafi, mutumin Kafanchan, ya rantse Kagoro ce, har ya san gidan. Shekarar fitowa kuwa, gara ta cinye shafin farko na kusan duk kwafinmu. Wanda ya tsira tambarin NNPC gare shi, kamfanin buga littattafan da sai 1966 aka kafa shi, don haka hedimasta ya yanke hukunci cewa shi kansa ya girmi littafin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan sake bugu ne."

Ya ce, "Kawo shaida, Malam."

Haka na hau motar Zariya, akuyar wani fasinja tana tauna gefen jakata tun daga Pambeguwa. Wani dattijo mai sayar da tsofaffin littattafai ya buɗe mini tarihin rayuwar Imam wanda Abdurrahman Mora ya tsara a 1989. An haife shi a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a 1911, ya rasu a 1981. A Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, ƙarƙashin kulawar Rupert East, littafi na ɗaya cikin uku ya fito a 1937. Ko mahaifin hedimasta bai yi kaciya ba lokacin. Wannan dai ban faɗa masa ba, ina son aikina.

Na dawo da ƙura har cikin kunne, na kai wa yaron da ke buga takardu a kwamfuta. Washegari aka manna takardar a ƙofar laburare, rangaɗau: "An haife shi a Kagoro."

Na je da fushina. Yaron ya ce, "Malam, ai kuskure na gani na gyara maka. Wannan ba sai ka biya ba."