Fijo Mai Karɓar Kowane Makulli

Duk wanda ya san Fijo 504 ya san mota ce mai taurin rai. A 1968 Faransawa suka fara ƙera ta, a 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna, kuma har yau za ka gan ta a ƙauye ɗauke da buhunan gero. Tawa gadonta na yi wajen kawuna. Injinta garau, amma ƙofofinta sun yi sakin fuska da yawa. Makullin shago na buɗe su. Makullin akwati na buɗe su. Ɗan autana ya taɓa buɗewa da gindin cokali.

Mai gyaran makulli ya leƙa ramin, ya hura, ya ce, "Malam, ai cikin nan akwai 'yan ƙananan ƙarafa da ke hawa haƙoran makulli. Idan ba su daidaita ba, ba ya juyawa. Naka duk sun cinye, yanzu ko sallama aka yi musu za su amsa." Na ce a sa sabo. Ya ce sabo sai dai tsohon wata Fijon, kuma ba lallai ya fi nawa kunya ba.

Ɓarayin unguwa sun riga ni sanin wannan bayani. Da rediyo suka fara. Daga nan jak da tayar ko-ta-kwana. Da yake daga ciki ake jan bonet, wanda ya shiga ƙofa ya isa ga batir, don haka batir ya bi sahu. Na sayi wani, shi ma ya bi yayansa.

Na kai ta wajen mai walda, ya liƙa wa kowace ƙofa maƙala, na rataya kwaɗuna huɗu. Duk inda na tsaya sai yara su taru suna kallon ina zagaye mota da tarin makullai. Wani dattijo a ƙofar masallaci ya tambaye ni ko hatsi nake ajiyewa a ciki. Ba a jima ba na fito da safe na tarar an kwance maƙalan, an tafi da kwaɗunan. Motar kuwa ko taɓa ta ba a yi ba. Ashe kwaɗunan sun fi abin da ya rage a ciki daraja.

Sai rewaya ya sa mini jiniya. Akuya ta goga jiki, jiniya ta yi kuka. Iskar hunturu ta kaɗa, ta yi kuka. Ladan ya gyara murya, ta riga shi. Maƙwabcina ya zo ya ce, "Malam, mun yi shawara. Idan ka cire abin nan, za mu yi karo-karo mu saya maka batir duk lokacin da aka sace."

Makanikena ne ya kawo dabarar da ta yi aiki. Ya buɗe murfin distirbuta, ya zaro wani ɗan abu da suke kira rota, ya ce, "Oga, wannan ke raba wa fulogogi wuta. Ka sa shi a aljihu, ko wanda ya ƙera ta ya zo ba za ta tashi ba."

Daren da ɓarayin suka zo ɗaukar motar gaba ɗaya, rota na cikin aljihun rigata. Suka tura ta har ƙarshen layi, suka haɗa waya, suka sake turawa, ko tari ba ta yi ba. Da asuba na same ta a gaban teburin mai shayi. Ya ce samari uku sun zauna suna haki, sun sha shayi da burodi, sun ce mai motar zai zo ya biya.

Yanzu kullum bayan isha'i nakan kwance batir, da rota, da madubai, da sabon jak, in jera su a ƙarƙashin gado. Jiya matata ta yi tuntuɓe da batir, ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Maigida, tunda rabin kishiyar tawa a ɗaki take kwana, ka shigo da sauran mana. Ni sai in koma waje in kwanta, ka ga ko ɓarayin sun zo sa tarar da mai gadi."