Kafin Ka Ƙure Rediyo: Yadda Ake Kama Mai Surutu a Cikin Mota

Maganin ƙarar mota da ya fi kowanne kasuwa a wurinmu shi ne maɓallin rediyo. Wani abu ya fara ƙwas-ƙwas a ƙarƙashin kujera, sai direba ya miƙa hannu ya ƙara murya. Abin ya koma kwaram-kwaram, sai ya ƙure ta gaba ɗaya, har mutanen bakin titi su saurari labaran rana kyauta. Ni dai roƙona, a kashe rediyon nan ko da na yini guda ne. Mota ba ta surutu haka kawai. Duk ƙarar da ta shigo maka ciki akwai abin da ya haife ta, kuma sau da yawa kunnenka zai gano shi tun aljihunka bai ji jiki ba.

A fara da aikin da ba ya cin ko sisi, wato sauke kaya. Kafin ka zargi injin, binciki mutanen gidanka. Buɗe ɗan akwatin da ke gaban fasinja, lalubi aljihun ƙofofi, leƙa ƙarƙashin kujeru. Za ka tarar da tarihin iyalinka kwance a wurin: cokalin da Hajiya ta ce ya ɓace ranar suna, murfin kular abinci, kwalbar turare, batirin tocila, ƙwallayen dabinon azumin bara. Ga carbi rataye a madubi yana taɓa gilashi, ga buta ba ruwa tana birgima a baya, ga ƙarfen bel ɗin kujerar da ba kowa a kanta yana dukan jikin mota. A but kuwa, jak da sifanar taya da safaya su ne manyan 'yan hayaniya in ba a ɗaure su ba. Kwashe komai tas, ka naɗe jak da sifana a tsumma, ka matse safaya, sannan ka zaga unguwa. Shari'o'i da yawa a nan suke ƙarewa, ba a kai ga gareji ba.

In ƙarar tana nan, to an zo wajen bincike, kuma bincike yana son shaida. Kada ka ɗauki abokin da ba ya iya minti biyu bai kawo zancen siyasa ba. Samu wanda ya iya tuƙi ka ba shi sitiyari, kai kuma ka riƙa sauya kujera, gaba, baya, hagu, dama. Yaro ɗan shekara goma ma shaida ne na ƙwarai, kunnensa ya fi naka kaifi, kuma ba shi da kunyar faɗin gaskiya. Sauya kujerar nan yana da muhimmanci, domin ƙarfe yana ɗaukar sauti ya kai shi nesa. Abin da za ka rantse daga dashbod yake fitowa, sai ka tarar a ƙofar baya yake. Duk inda ka zarga, danna shi da tafin hannu. In ƙarar ta ɗauke, ka kama ɓarawonka. Kuma ka naɗi ƙarar a waya, ka faɗi gudun da ake yi da irin hanyar da ake kai. Dalili kuwa sananne ne ga duk mai mota: da an shiga gareji sai ta yi tsit, kamar yaron da ya kwana kukan ciwon ciki, da ya hango allura ya ce ya warke.

Tambaya ta farko ita ce, yaushe take yi? Tsaya wuri guda, ka ja birkin hannu, ka sa giya a firi, ka taka totur a hankali. In ƙarar tana tashi tare da injin alhali mota ba ta motsa ba, to ka wanke tayoyi da iska daga zargi, ka koma kan injin, fambel, salansa da robobin da injin yake zaune a kansu. Kunna esi ka kashe, ka ji ko akwai bambanci. In kuma ba ta yi sai an fara tafiya, tana ƙaruwa da ƙaruwar gudu ko da wace giya kake, ka nemi taya, boris ko iska. In sai an faɗa rami ko an hau gargada take magana, ƙafafun mota ne. Abu ɗaya da ban yarda kowa ya gwada ba shi ne kashe injin mota tana tafiya wai don a saurara da kyau. Da injin ya mutu, birki da sitiyari sai su yi tauri, kuma ba a nan ake son a gane hakan ba.

Rigimar da ta fi cinye wa mutane kuɗi ita ce ta taya da boris, don muryarsu kusan ɗaya ce: wani ƙugi, wuuu, da ke cika mota in an miƙe hanya. Ga yadda ake raba su. A titin da ba kowa, cikin matsakaicin gudu, karkata sitiyari kaɗan hagu, sannan dama. In ka karkata hagu, nauyin mota yana komawa dama. In ƙugin ya ƙaru a lokacin, boris na ɓangaren dama ne abin zargi na farko, haka ma akasin haka. Ƙugin taya kuwa bai cika damuwa da sitiyari ba, da kwalta yake hulɗa: a sabuwar kwalta mai santsi ya lafa, a tsohuwa mai kaushi ya tashi. Shafa tafin hannunka a kan zanen tayar. In ka ji tudu da kwari, ko kaifi-kaifi ta gefe guda, tayar ta ci ba daidai ba, kuma galibi shokozoba da ta gaji ko rashin alaimen ne suka jawo. Mayar da tayoyin gaba baya. In ƙarar ta yi ƙaura tare da su, boris ya fita daga zargi, ka huta da sayensa.

Tunda muna kan taya, duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, nan aka rubuta iskar da motarka take so. Ƙananan motoci yawanci tsakanin 30 da 35 ne a ma'aunin mai faci. Mai faci kuwa, Allah ya yi masa albarka, in ka ƙyale shi zai yi ta ɗura har sai taya ta yi tauri ƙiƙam, sannan kowace tsakuwa ta riƙa aiko maka da gaisuwa har ƙashin baya. Duba kuma lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen tayar. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana ƙeƙashewa da shekaru, ƙararta na ƙaruwa, kuma masu ƙera taya suna cewa kada ta wuce shekara 10 ko da zanenta yana nan ɗaram. A cikin tayoyin gwanjo akwai masu alamar tsauni da ƙanƙara a gefe. Don sanyin Turai aka yi su, a kwaltarmu mai zafi sun fi saurin cinyewa, kuma da yawansu ba sa rufe baki.

Sauran masu maganar kowa da karin harshensa. Ƙas-ƙas-ƙas in ka murɗe sitiyari har ƙarshe kana juyawa, shaf ne: robar da ke rufe gaɓarsa ta yage, giris ya zube, yashi ya shiga. Tsuwwa mai tsini in ka taɓa birki, sau da yawa ɗan ƙarfen da aka sa wa fad ne don ya yi maka ishara cewa ya kusa ƙarewa. In ta koma gurzar ƙarfe da ƙarfe, an wuce ishara. Kwaf-kwaf a kan gargada, bushin ne, ko 'yar sandar sitabilaiza, ko bol-join, ko shokozoba. Ihun da ake ji da sassafe ko in an kunna esi, fambel ne ya saki ko ya tsufa. Kacau-kacau na gwangwani daga ƙasa in mota tana tsaye injin na aiki, yawanci faifan da ke kare zafin salansa ne notinsa ya kwance, aikin minti kaɗan. Makanikai sukan ɗora kan doguwar sukundireba a jikin injin su kara kunne a ƙotarta, kuma dabarar tana aiki. In za ka kwaikwaya, tuɓe babbar riga tukuna, ka naɗe hannun riga. Fambel bai san Alhaji ba. Kada kuma ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Akwai ƙararraki uku da ba na yin raha a kansu. Bugu mai nauyi daga cikin injin, musamman in fitilar baƙin mai ta kama: tsaya nan take ka kashe. Bol-join mai bugu, domin ranar da ya fice taya kan kwanta ne a tsakiyar titi. Sai salansa da ta huje, mai yin fat-fat-fat a ƙarƙashin kujera. Hayaƙin da ke fita ta wannan hujin yana ɗauke da kabon monoksaid, iskar nan ta janareta da ke kashe mutane suna barci a ɗaki. Ba ta da launi, ba ta da wari. In kana tuƙi gilasai a rufe ka ji ciwon kai ko jiri ko barci yana fizgarka, yara kuma sun yi lamo a baya, sauke gilasai ka tsaya. Wannan gyaran ba ya jiran albashi.

Iska kuwa 'yar fito ce, galibi sai mota ta ɗauki gudu sosai take fara waƙarta. Rufe ƙofa a kan takarda ka ja. In ta zare ba gardama, robar ƙofar ta saki a wurin. Bi ƙofar kewaye kana gwadawa. Ko ka liƙe gefen gilashi da gindin madubi da salatif, wuri ɗaya bayan ɗaya, kana fita gwaji har fiton ya ɗauke. Hunturu da zafin bazara suna busar da robobin nan, shi ya sa ƙofofi ke ƙiƙi-ƙiƙi. Wanke su, ka shafa man silikon. Kada ka shafa baƙin mai ko giris, suna kumbura roba su lalata ta. Kariyar kaya da ke saman mota ba komai a kanta, sauke ta. Wannan bugun da ke toshe kunne in yaro ya sauke gilashin baya shi kaɗai, ɗan sauke na gaba kaɗan, zai wuce. Dashbod mai ƙorafi kuma, ɗan ƙyallen ulu ko siririyar roba a tsakanin robobin da ke gugar juna ta fi katin waya da aka ninke aka cusa, duk da na san kati ya yi wa al'umma hidima.

In ka je gareji, kai wa makanike labari, kada ka kai masa hukunci. Ka ce masa, "Oga, canza mini shokozoba," zai ce, "An gama, ranka ya daɗe," ya canza, ƙarar kuma ta raka ka gida. Ka ce, "Tana yi ne in na hau gargada a hankali, ta gaban dama, da safe ta fi yi," ka kunna masa abin da ka naɗa, ka roƙe shi ya shiga ku zaga tare. Makaniken kirki yana jin daɗin irin wannan bayani. A canza abu ɗaya, a gwada, sannan a taɓa na biyu. 'Yan kasuwar Ƙofar Ruwa da Panteka ba za su ƙi sayar maka da ƙafafun mota huɗu a rana ɗaya ba, amma in ƙarar ta tafi ba za ka san wanne ne ya yi maganin ba, in ta dawo kuma ba ka san inda za ka nufa ba. Karɓi tsohon kayan da aka cire ka duba shi. In bushin aka canza, a bari sai mota ta zauna a kan tayoyinta kafin a yi wa notocin ɗaurin ƙarshe, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

Sai bayan duk wannan ake maganar shimfiɗar kashe ƙara, domin rufe motar da ke da boris mai ciwo toshe wa kai kunne ne. Amfaninta a fili yake ga mai doguwar tafiya. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar abin da kunne zai sha a desibel 85 na awa 8, kuma ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kusan ninki biyu. Direban da ke yini a hanya cikin ƙugi, ya ɗora rediyo a kai, yana isa gida a gajiye fiye da yadda tafiyar ta isa ta gajiyar da shi. Manhajar auna ƙara ta waya ba ta kai na'urar ƙwararru ba, amma ta isa ta nuna maka bambanci kafin aiki da bayansa, in hanya ɗaya ce da gudu ɗaya.

Abin da ake liƙawa a jikin ƙarfe wata baƙar roba ce mai nauyi da danƙo, butil, mai fuskar alminiyam. Aikinta hana faifan ƙarfe karkarwa. Ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa. Inda ya amsa da amo mai tsawo, nan ke bukata, kuma ba sai an rufe ko'ina ba, rubu'i zuwa rabin faifan a tsakiya ya wadatar. Fara da ƙasan but da saman tayoyin baya, sannan ƙofofi, sannan ƙarƙashin kafet, a ɗora soso marar shan ruwa a kai. Soson katifa kada ya shiga motarka, yana riƙe ruwa ya haifi tsatsa da wari. Mai kwalta irin ta liƙin kwano ma a bar wa rufin ɗaki, don rana ɗaya ta watan Afrilu ta isa ta narkar da ita ta cika motar da ɗoyi. A ƙasan kowace ƙofa akwai ƙananan ramuka da ruwan sama ke fita ta cikinsu. Tsaya a kan mai aikin har ka gan su a buɗe da idonka kafin ya mayar da murfin ƙofar.