Wasiƙa Zuwa Ga Malam Gajimare, Ma'ajin Zamani

Daga wani manomi a Gezawa zuwa ga Malam Gajimare:

Allah gafarta Malam, ranar da yaron nan mai POS na bakin kasuwa ya shaida mini cewa lissafin 'yan kuɗina, da na dubban bayin Allah irina, a wajenka yake kwana, sai na ɗaga kai ina duban sama, har ya yi dariya ya ce ai kai ba hadari ba ne, gine-gine ne maƙare da kwamfutoci, kuma kullum dare kana sake rubuta ajiyar a wani wuri saboda tsaro. Na ce madalla, amma hankalina bai kwanta ba.

Dalili kuwa, mu nan ba ma yabon rumbu da kaka, lokacin da kowa ke zuba dami yana murna, sai da bazara, ranar da aka ɗaga jinka don ɗebo iri, domin sau da yawa yumɓu yakan tsaya lafiya daga waje alhali gara ta gama ta'adi a ciki. An ba ni labarin kamfanin GitLab, wanda a shekarar 2017 ma'aikacinsa ya share ajiya bisa kuskure, aka waiwayi hanyoyi biyar da aka tanada don irin wannan rana, aka tarar babu wadda ta cika alkawari, ba don wani kwafi da aka yi sa'a shida kafin nan ba, da an yi sallama da dukiyar jama'a. Rumbuna biyar, Malam, ba a taɓa leƙa ko ɗaya ba!

Sa'an nan ga gobarar kamfanin OVH a Strasbourg ta ƙasar Faransa, cikin Maris na 2021, inda waɗansu da suka biya kuɗin ajiya ta biyu suka iske ashe a gini guda take da ta fari. Ko almajirin da bai wuce Risala ba ya san hukuncin wadi'a, cewa mai ajiya ba ya lamuni sai in ya yi sakaci, ni kuwa ban san sunan da za a kira mai jera rumbunansa duka a jikin danga ɗaya ta kara ba.

Saboda haka ina roƙo, don girman amana, ka sa rana, a gaban shaidu biyu adilai, ka rufe ajiya ta fari da gangan, ka fito da ta biyu, mu ga sa'a nawa za ta ci kafin ta tsaya da ƙafarta, da kuma cinikin kwana nawa zai salwanta a tsakani. Kafin nan dai na sa yaron ya riƙa ba ni rasit, ina cusawa a gafaka.

Haza wassalam.