Wasiƙa Zuwa Ga Taubashina: Na Faɗa Hannun Masu Kallon Tsuntsaye

Nofok, Ingila

Zuwa ga taubashina Ummaru,

Ina fata kana lafiya, kai da amarya da babur ɗin nan naka da ba ya tashi sai an tura. Ya Mabera, ya zafi? An ce mini ka yi ƙiba. Ban musa ba, na dai tambaya gidan wa kake cin abinci yanzu.

Ka matsa sai na gaya maka abin da nake yi ran da ba ni da aiki. To ga shi, amma amana ce, kada ta kai kunnen Kawu. Kallon tsuntsaye nake zuwa. Ba danƙo, ba tarko, ba wuƙa. Mu kalla, mu rubuta cikin ɗan littafi, mu komo gida hannu rabbana.

Wani dattijo maƙwabcina, tsohon malamin makaranta, shi ya ja ni ciki. Har ƙungiya gare su, RSPB, wadda mata sunka kafa a 1889 don a daina kashe tsuntsaye ana ado da gashinsu bisa huluna. Yau membobinta sun haura miliyan 1, kuma kowa kuɗinsa yake zubawa, ba a taɓa raba musu ko buhun shinkafa ba. Inda muke zuwa sunansa Snettisham, bakin wata makekiyar laka ta teku da ake kira Wash. Tun duku-duku muke isa, cikin sanyin da hunturun Sakkwato ba ya ko gaishe shi, mu shiga wata bukkar katako mai 'yar taga, kowa ya kafa madubin hangen nesa, a yi tsit. In ka yi tari, hararar da za ka sha ta ishe ka kalaci.

Akwai wani tsuntsun teku da suke kira gal. Ɓarawo ne na ƙin ƙarawa. A gabana ya warce soyayyen dankali daga hannun wani ƙato, ya koma bisa rufin mota yana ci yana kallonsa. Ƙaton bai ko ɗaga hannu ba, don dokarsu ta 1981 ta hana kashe tsuntsun daji ko fasa mishi ƙwai, kuma laifin na iya kai mutum ɗaurin wata 6. Ka ga inda ɓarawo ke da gata.

Manyansu ba su da wuyar ganewa. Mai tokar baya ƙafarsa ruwan hoda ce. Mai baƙin baya ƙarami ƙafarsa rawaya ce. Akwai kuma wani basamude, mai baƙin baya babba, wanda in ya sauka kowa ke matsawa. Dukansu suna da ɗan jan ɗigo ƙasan baki, wanda ɗan tsako ke tsattsaga in yana son a amayo mishi abinci. Abin awa fadar Sarkin Musulmi ne ran Salla: da ka dubi rawani ka san wane ne wane.

Masifar tana ga waɗanda ba a yi wa naɗi ba tukuna. Tsuntsun ga sai ya shekara 4 yake samun kayan manya. Shekarar farko duk kamarsu guda: dabbare-dabbare ruwan ƙasa, baki baƙi, ƙafa ruwan hoda, da baƙin layi a ƙarshen wutsiya. Shekara ta biyu toka ta fara tsattsafowa bisa baya. Ta uku ya kusa zama mutum, sai dai sauran baƙi-baƙi a baki da wutsiya ya tona mishi asiri. Kuma a cikin shekara guda ma gashi na zuba wani na fita, rana da iska na koɗar da shi, ta yadda wanda ka gani da kaka ba shi za ka gani da bazara ba. A kan wannan ne dattawa masu jikoki, wasu da digiri biyu, ke ɓata da juna.

Rannan dattijona da wata tsohuwa sunka sa wani ɗan shekara guda gaba. Yana tsaye bisa laka da ƙafa ɗaya, ya cusa kai cikin fiffike, bai san shari'arsa ake yi ba. Dattijo ya ce ɗan mai tokar baya ne. Tsohuwa ta ce faufau, dubi tsawon fiffiken da ya zarce wutsiya, ɗan mai baƙin baya ƙarami ne. Duk cikin raɗa ake wannan faɗan, da murmushi, irin faɗan Turawa da ba ka gane an yi shi sai ka ga an daina ba juna shayi. Hujjar da za ta raba gardama guda ce: ɗan mai tokar baya yana da wani haske-haske a tsakiyar fiffike, wanda suke kira taga, ɗayan kuwa fiffikensa duhu ne baki ɗaya. To ba a ganin tagar sai ya buɗe fiffike, shi kuwa gogan barcinsa yake sha.

Sai ga jirgin yaƙi. Yankin ga cike yake da sansanonin sojan sama, na Ingila da na Amurka, atisaye ba ya ƙarewa. Wanga ya biyo gaɓa ƙasa-ƙasa da wata ƙara da na ji har cikin haƙorana. Laka ta tashi gaba ɗaya, tsuntsaye dubbai sunka rufe sama, har da wanda ake ƙara. Ni na riga na kai ƙarƙashin benci ina salati. Dattijo kuwa bai ɗaga ido daga madubi ba. Yana zagin matuƙi yana cewa ya ga taga, ya ga taga! Tsohuwa ta ce ita hayaƙi ta gani. Har yau ba a yanke hukunci ba, don wanda ake zargi bai komo ba.

Fushinsu dai da dalili. Yawancin tsuntsayen lakar baƙi ne, wasu tun daga Girinlan da arewacin Kanada. Hunturu yini gajere ne, kuma ba su samun kiwo sai ruwa ya janye. Kowace zabura kitse ce ke ƙonewa, shi ne kuwa guzurin komawa gida. Haɗarin kuma bai tsaya ga tsuntsu ba: a Janairun 2014, nan kusa da mu a Cley, garken dinyar daji ya afka wa wani jirgi mai saukar ungulu na sojan Amurka, mutum 4 sunka rasu.

Na so in yi musu bayanin cewa a wurinmu lissafin a juye yake. Mu da muke fita da gudu muna ɗaga wa jirgin alhazai hannu in ya taso daga filin Sarkin Musulmi Abubakar na III. Manomin shinkafa a Wurno ko Goronyo kuwa, in jan baki sunka sauka, babu addu'ar da yake yi sai Allah ya kawo jirgin feshi, kuma ya yi ƙasa sosai. Na fara ba dattijo labarin, da na ga fuskarsa ta sauya sai na mayar da zancen kan shamuwa, na ce ita ke yi mana albishir da damina kuma ba mai taɓa ta. Ran nan har biskit ya ba ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wasu daga cikin masu baƙin bayan nan na barin Ingila da sanyi su sauka gaɓar Maroko da Muritaniya har Senegal, su komo da bazara. Ba biza, ba layin ofishin jakadanci, ba takardar banki. Kai da kake ta addabata in samo maka hanya, ga shawara kyauta.

Yanzu ga aiki na ba ka, tunda zaman banza kake yi. Dattijo ya ce lallai a gano mishi irin tsuntsayen da ke sauka tafkin Kware da hunturu. Ka ɗauki wayarka ka tahi ka ɗauko hotuna. Hotuna na ce, Ummaru. In na ji labarin an ga gashi bayan ɗakin amarya, ni da kai ne.

Ka gaida Inna da Gwaggo da Kawu da duk mutanen gida. In an sami mai zuwa a aiko mini da kuka da daddawa da yaji. Kilishi kada a wahala, kwastan ba su barin nama ya shigo.

Ni ne ubangidanka,
Bello