Ɗan Riƙo Daga Ƙetare a Babban Giji

Mu a unguwar Babban Giji ta Kano ba mu iya doguwar baƙunta ba. In aka kawo mana yaro daga wata ƙasa, kwana uku muke ba shi. Ranar farko a yanka masa kaza, a fito da farantin cikin kabet wanda ko maigida bai taɓa ci a ciki ba. Rana ta biyu maƙwabta su yi ta sallama, wai aron rariya suka zo, alhali baƙo suka zo gani. Ta uku a kai shi gidan zu ya ga kura. Ta huɗu kuwa Hajiya za ta miƙa masa roba ta ce, "Maza je ka markaɗo min kayan miya, kuma ka dawo min da canjina." Shi ke nan, ya zama ɗan gida.

Yaran iri-iri ne. Akwai haifaffun Makka da Jidda, masu Larabci a baka, da ake fama da su kafin su yarda da miyar kuka. Akwai 'yan zangon Kumasi, akwai na Ingila da ake turowa hutu su ga dangi, su koma da cizon sauro. Amma waɗanda muka fi riƙewa na Nijar ne, daga Maraɗi da Damagaram. Wani ɗan ƙanwa ce da aure ya kai can, wani karatu aka kawo shi, wani kuma uwarsa ce ke jinya a Asibitin Malam Aminu Kano, mu kuwa ga mu a bakin asibitin, to ina za a ajiye yaro in ba wurinmu ba?

Rigimar farko ta kuɗi ce. Yaro ya taso yana lissafi da dala, kowace dala sefa biyar, dala ɗari biyu jaka guda. Ka aike shi Kasuwar Tarauni, mai tumatir ya ce masa ɗari biyu, shi kuma ya tsaya yana ninkawa a ransa, yana jin an yi masa tsada. Da can 'ya'yanmu kan yi masa dariya. Amma tun da naira ta faɗi, har jaka ɗaya ta haura naira dubu biyu, dariyar ta koma ciki. Uwarsa ta aiko masa da 'yan jakunkuna, Kawu ya canzo a Wapa, ka ga 'yan gida suna bin sa shagon mai shayi suna kiransa Yaya, har waɗanda suka girme shi.

Makarantar boko ma sai an kai ruwa rana. Can da Faransanci ya fara, nan Turanci ake so, sai hedimasta ya ce a mayar da shi baya aji ɗaya ko biyu. Ka ga zanƙalelen yaro a bencin ƙannensa, gwiwa na tokarar tebur, amma in aka zo lissafi duk ajin ba mai kamo shi. A makarantar allo kuwa babu wannan wahala: Warshun da ya baro can shi zai tarar, Ahalari da Ishmawi su ne dai. Sai in Islamiyya aka sa shi, inda ake karatu da Hafsu, ya ɗan sha gyara kwana biyu, ya wuce.

Sai kuma shekarar da wata ya raba mu. Mu muna jiran sanarwar Sarkin Musulmi, su can sun riga sun ga nasu. Da hantsi uwar yaro za ta kira ta WhatsApp, ga ta cikin kwalliya, ga tuwon Sallah a gabanta, mu kuwa leɓe a bushe. Yaro ya dubi Baba Malam ya ce, "Baba, ni da wa zan yi?" Baba Malam ya ce, "Inda kake kwana nan ne garinka. Cika azuminka." Yaro ya cika, amma goron Sallah biyu ya karɓa.

Da aka yi juyin mulki a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, aka rufe iyaka, lokacin dogon hutu ne. Wasu da suka zo mana na 'yan makonni sai zama ya miƙe, don ba kowane uba ne zai yarda a bi da ɗansa ta daji a kan babur ba. Kafin a buɗe a watan Maris na 2024, sun san kowane lungu daga Gyaɗi-Gyaɗi har Darmanawa, sun iya cinikin adaidaita sahu fiye da mu.

Sai dai riƙo ba kaza da gidan zu ba ne, kuma unguwa ba ta barci. Ana lura da wa ake tasa da asuba ɗebo ruwa, wa ake bari ya yi ta minshari. Ana lura da shaddar Sallah, ko yadi ɗaya aka yanka wa ɗan gida da ɗan riƙo. Matar da ta bambanta, a gidan suna za ta ji a fakaice: "Hajiya, yaron nan naki na Maraɗi kamar ya rame, ko ruwan Kano ne bai karɓe shi ba?" Haka ma wadda ba ta taɓa yi masa faɗa ba, ita ma ba ta tsira, don yaron da ba a tsawatar masa, ba a ɗauke shi ɗa ba. Adalcin da muka sani shi ne kwano ɗaya, bulala ɗaya.

Ranar tafiya a cika masa jaka da atamfar Kwari da man shafawa na uwarsa, can kuma a aiko mana da cuku da kilishi da dabino. Goggo na share hawaye tana cewa ai ta huta da ɓarna. Kafin mota ta kai Jibiya har ta fara lissafin wanda za mu tura musu baɗi, kuma mafi ƙiriniyar gidan ta zaɓa, don su ma su ɗanɗana.