Allon da Ke Neman Direba

A Kalpohin, nan Tamale, tun da gwamnatin Ghana ta fara raba wa ɗaliban sakandare kwamfutar hannu a 2024, kowane gida ya samu injiniya. Namu ɗan yayata ne.

Rannan na jona tawa kwamfutar hannun da babbar kwamfuta don in kwashe hotuna, ta yi gum. Yaro ya leƙa saiti, ya hango alamar gargaɗi ruwan ɗorawa, ya ce, "Kawu, matsalar direba ce."

Baba na kan tabarma yana jan carbi. "Direba? Ku je Aboabo mana, direbobin keken yalo-yalo sun fi ƙuda yawa."

"A'a Kaka, wata 'yar manhaja ce mai yi wa na'urori biyu tafinta."

"To, direba ne ko tafinta?"

Aka sabunta direba, aka kashe aka kunna, shiru kake ji. Ashe a saitin USB an bar ta kan caji kawai. Taɓawa ɗaya, hotuna suka zubo.

Baba ya ce, "Allona na katako shekara sittin bai taɓa neman direba ba. In ya cika, a wanke a sha."