Mu da “An Bar wa Allah”

A layinmu, da an idar da sallar isha, kowa ya san inda za a same mu: dakalin ƙofar gidan Baba, tsohon ma’aikacin jinya da ya yi ritaya. Mai shayi na gefe da butarsa a kan gawayi, ga benci biyu da suka sha ƙusa, ga rediyon da ba a kashewa ko da ba mai sauraro. A nan ake sanin nawa buhun masara ya kwana a Dawanau, a nan ake jin wanda ya kwanta ciwo da wanda ya samu ƙaruwa. Amma daren Talatar nan majalisa ta yi sanyi, domin da safiyar ranar aka yi addu’ar uku ta matar tela.

Duk mun san yadda abin ya faru, tun da a bakin tela muka ji. Wajen ƙarfe ɗaya na dare naƙuda ta tashi, ya buga wa mai adaidaita ƙofa, suka kai ta ƙaramin asibiti. Aka ce a yanki kati, aka nemi mai kati aka rasa. Aka rubuta masa safar hannu da auduga da ledar ruwa da allura, aka ce ya sayo a kemis ɗin bakin ƙofa. Kafin ya dawo an ɗauke wuta, janareto kuma ba mai. Ungozoma ɗaya ce tal a bakin aiki, da fitilar waya ta karɓi haihuwar, ƙanwar tela na riƙe mata. Yarinya ta faɗo lafiya, sai jini ya ɓalle wa uwar. Ba jini a ajiye, aka ce sai babban asibiti. Motar ɗaukar marasa lafiya na nan ƙarƙashin darbejiya, tayoyi a sace, ƙura ta rufe gilashi. A cikin adaidaitan aka sake sa ta. Kafin su kai, rai ya yi halinsa.

Da muka je gaisuwa, abin da muka saba faɗa muka faɗa. “Kwana ne ya ƙare.” “Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari.” “Sai haƙuri, a bar wa Allah.” Ni ma haka na ce, kuma har cikin zuciyata na yarda da shi.

Baba ne ya fara magana, yana juya cokali a kofi. Ya ce, “Yaran nan, kwana kam ya ƙare, ba mai ja da wannan. To amma man janareto fa? Wa aka ba kuɗinsa? Wa ya sa hannu an karɓa? Motar nan tun yaushe take kwance, wa aka gaya wa?”

Mai adaidaita, wanda a kan idonsa aka yi komai, ya ce, “Baba, wa za mu tambaya? Talaka da gwamnati? Ai ba a haɗa ƙwai da dutse.”

Mu fa haka muke, in za mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ranar da aka ƙwace wa ɗan mai kanti waya a bakin titi, layin nan kaf ya tashi. Aka bi yaron har lungu na uku, aka miƙa shi ofishin ’yan sanda, aka yi karo-karon kuɗin mota, mutum shida suka je kotu ranar shari’a. A kan waya ɗaya ke nan. Yau ga mace ta tafi ta bar jaririya ’yar kwana uku, ba wanda ya taka ya ce a nuna masa littafin da ake rubuta shigar mai da magani. Ɓarawon da muka gani da ido muna bin sa har ƙarshe. Wanda ya yi sata da biro kuwa, in ya zo ɗaurin aure, mu ne masu matsa masa wuri a sahun gaba.

Baba ya ajiye kofi ya ce, “Ku kuna yara a 1996, shekarar sanƙarau.” Ya ba mu labarin da wasunmu suka sani sama-sama. Annobar ta kashe dubban mutane a Arewa. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Zana a nan Kano, ya yi gwajin sabon magani mai suna Trovan a kan yara kusan 200: rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma iyaye sun amince da baki. Iyaye da yawa kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi.

“To mu me muka ce a lokacin?” in ji Baba. “Sanƙarau ne, a bar wa Allah. Sai a ƙarshen shekarar 2000 jaridar Washington Post ta tono maganar daga can.” Gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti a 2001 ƙarƙashin Dokta Abdulsalami Nasidi, kwamitin ya ce gwajin ya saɓa ƙa’ida, amma rahoton ya kwanta a aljihun tebur har 2006 da ya faɗa hannun ’yan jarida. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, gwamnatin Kano ta shigar da ƙara biyu, ta diyya da ta laifi. A 2009 aka yi sulhu a kan dala miliyan 75: miliyan 35 ta iyalai, miliyan 30 ta ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari’a. Sai a 2011, bayan gwajin ƙwayoyin halitta, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Shekara 15 ke nan bayan an binne yaran.

Mai shayi ya tsaya da zuba madara ya ce, “To Baba, wa aka ɗaure?”

“Ba kowa,” in ji Baba. “Da aka yi sulhu, shari’ar laifi ta tafi. Kuma ba ku ji an hukunta wani jami’in namu kan yadda aka buɗe wa baƙi ƙofa ba. Amma ku lura da abu biyu. Da ba a bi ba, ko kwabo ba za a gani ba. Da kuma an bi tun da zafi-zafinsa, da ba a kai shekara 15 ba.”

Ni kuwa abin da ya faɗo mini a rai shi ne abin da ya biyo baya. Mutanen da aka cuta ba a yi musu bayani ba, ba sa mantawa. A 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cikin hujjojin da ake kawowa a majalisu irin tamu har da maganar Trovan. Sai tsakiyar 2004 aka koma, kafin nan cutar ta bazu har wasu ƙasashe, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka rasa ƙafafu. Sai 2020 aka ce Najeriya ta rabu da ita. Shirun da muke yi ba ya tafiya da ciwon, yana ajiye shi ne ya fito ta wata ƙofa: mu daina yarda da allura, mu daina zuwa awo, mu koma wajen mai tallan magani da tire a rana.

Malamin makarantar da ke haya a gidan Hajiya ya gyara zama ya ce, “Baba, ai an taɓa ɗaure wasu.” Ya tuna mana My Pikin, maganin fitar haƙorin yara na 2008, wanda aka samu wani sinadari mai kashe ƙoda a cikinsa. Yara aƙalla 84 suka rasu, har da na Zariya. Hukumar NAFDAC ta kai maganar kotu, a 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure ma’aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. Ya ce, “Kun ga ke nan hanya tana nan. Akwai kwalba, akwai gwaji, akwai takarda, akwai hukumar da ta ƙi saki.”

Daga nan ya shiga karanto mana abin da doka ta ce, da ka, kamar yana aji. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ko ma’aikaci ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa ko da wane dalili, wanda ya ƙi kuma akwai tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Dokar nan ce ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, wato irin ƙaramin asibitin da aka kai matar tela. Tun 2001 kuma shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su riƙa ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. “Kuɗin nan ba sadaka ba ne,” in ji shi. “Yana da suna a takarda, yana da mai sa hannu. Kuma dokar ’yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukuma ka ce a nuna maka.”

Duk wannan Malam liman na zaune yana jan carbi. Da aka juya gare shi, ya tuna mana yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, bai ɗauki hakan gudun ƙaddara ba. Sannan ya ce, “Yarda da ƙaddara wajibi ne, riƙon amana ma wajibi ne, ɗaya ba ya goge ɗaya. Wanda ya yafe haƙƙinsa ya kyauta, ladansa na wajen Allah. Amma haƙƙin matar da za a kai asibitin nan gobe da dare ba naka ba ne, balle ka yafe.”

Majalisa ta yi tsit. Sai Baba ya ce mu kuma dubi namu gefen, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ne in an kama ma’ajin magani yana karkatar da kaya zuwa kemis, kafin gari ya waye mun haɗa dattawa a je a yi roƙo: “A rufa masa asiri, yana da iyali.” Iyalin wadda ta rasu fa? Mu ne kuma in fushi ya taso, sai mu sauke shi a kan ungozomar da muka tarar, wadda ta kwana ita kaɗai ba wuta ba kayan aiki. Baba ya ce, “Yarinyar nan ta yi iya yinta, na san irin daren nan, na sha shi. Tambayar sama za ta hau: wa ya bar ta ita kaɗai, wa ya karɓi kwangilar gyaran mota, wa ya sa hannu an kawo mai.”

Malamin makaranta ya ƙara da maganar Zamfara. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a yankin Anka da Bukkuyum. Ƙauyen Bagega ya yi ta jiran a kwashe gurɓatacciyar ƙasa kafin likitoci su iya fara magani, kuɗi ba su fito ba sai farkon 2013, bayan matasa sun dage da kiran sunan ƙauyen a kafafen sada zumunta har abin ya kai kunnen fadar shugaban ƙasa. Ba su jefi kowa ba, ba su ƙona komai ba. Suna suka kira, adadi suka faɗa, suka ƙi yin shiru.

Ashe tun ɗazu tela na ƙarshen benci, inda hasken fitilar mai shayi ba ya kaiwa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wata baƙar leda a ninke. Ciki akwai takardar da aka rubuta masa kayan haihuwa, da rasiɗin kemis, da ’yar takardar da aka ba su ta zuwa babban asibiti, an rubuta lokaci a kai. Ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Ya ce, “Baba, ni ba kuɗi nake nema ba, kuma na yarda da abin da Allah ya yi. Amma yarinyar nan za ta girma ta tambaye ni yadda uwarta ta rasu. Ina so in ce mata mun je mun tambaya.”

A nan aka tsayar da magana. Malamin makaranta zai rubuta takarda, a kai wa mai unguwa ya sa hannu, a ba kwamitin lafiya na mazaɓa ɗaya, a kai ɗaya hukumar karɓar koke-koke. Mai adaidaita ya ce shi shaida ne, kuma shi zai kai mu ba ko sisi. Baba ya ce a riƙe kwafi, a kuma rubuta sunan duk wanda ya karɓa da ranar da ya karɓa.

Ranar Lahadi za a raɗa wa yarinya suna, sunan uwarta za a mayar mata. Litinin da safe mu takwas za mu tafi.